Jami'in Horaswa Tsakanin Littafi da Inji

A shekarar 1971 gwamnatin Nijeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki da hannunsu. Jami'in da ke bin sawunsu yakan duba littafin da suke rubuta aikinsu na kullum. Wahalar ita ce, littafi kan cika da rubutu alhali hannu bai taɓa inji ba. Don haka gogaggen jami'i ba ya wadatuwa da sa hannun maigidan da ke koyarwa. Sai ya tsayar da ɗalibi gaban inji ya ga iyawarsa. In kuwa ya yi sakaci, takardar shaida za ta fita, gwaninta babu.