Iska, Numfashi da Ruhu

Karatu: Ezekiyel 37:1-14, Yohanna 3:1-8.

Akwai wata gajeriyar kalma cikin Ibraniyanci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, watau ruah. Baƙaƙenta uku ne kaɗai, amma ta fito fiye da sau 350. A wani wuri ma'anarta iska ce, kamar iskar gabas wadda ta raba teku a gaban Isra'ilawa cikin Fitowa 14:21. A wani wuri numfashi ce, wanda in Allah ya ɗauke shi, mai rai ya kan koma turɓaya, kamar yadda Zabura 104:29 ta nuna mana. A wani wuri kuwa Ruhun Allah ne da kansa.

Bari mu duba karatunmu na fari. Sau 10 kalman nan ta fito cikin ayoyi 14. A aya ta 1, ruah na Ubangiji ne ya kai annabi kwarin ƙasusuwa. A aya ta 8 ƙasusuwan sun haɗu, nama da fata sun rufe su, amma ba ruah a cikinsu, watau ba numfashi. A aya ta 9 aka umurci annabi ya kira ruah daga ruah huɗu na duniya. Sa'an nan a aya ta 14 Allah ya yi alkawari zai sa nasa ruah cikin jama'arsa. Bayahude da ke zaman bauta a Babila kalma guda ya ke ji tun daga fari har ƙarshe. Mu kuwa sai mun yi da uku kafin mu gama surar.

Haka ya ke kuma cikin Helenanci. Kalmar pneuma ta ɗauki iska da ruhu duka, don haka cikin Yohanna 3:8 kalma guda ce ta tsaya domin iskar da ke hurawa, da kuma Ruhun da ke haifar mutum sabo. Romawa suka ce spiritus, daga kalmarsu ta yin numfashi. Yarbawa su kan ce emi, dangin kalmarsu ta numfashi ce ita ma. Turawan Ingila sun yi da ghost cikin juyinsu na 1611, amma yau in an faɗi kalmar ita kaɗai, fatalwa mutane su kan ji.

To, me ya sa masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, ba su ce Iska Mai Tsarki ba? Ai kalmarmu ta yi kama da ta Ibraniyawa ƙwarai. Mu kan fita shan iska, mu kan kuma ce wane yana da iskoki. Har zancen iska ma sun san shi, gama da irin wannan suna Ayuba ya kira maganar abokansa cikin Ayuba 16:3. Amma a wurin Bahaushe iskoki su ne waɗanda ke hawan mutum cikin bori, ɗan iska kuwa ba wanda ke so a kira ɗansa haka. Domin wannan aka ɗauki ruhu, wadda Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa. Ita da ruah kuwa tushensu ɗaya ne. Masu Suwahili ma haka suka yi. Upepo iska ce gare su, pepo aljan ne, sai suka ɗauki roho.

A ganinmu sun yi daidai, ko da ya ke an yi hasarar wani abu, gama mai karatun Hausa ba ya jin yadda iska da Ruhu suka zama kalma guda cikin abin da Yesu ya faɗa wa Nikodimu, sai malami ya nuna masa.

Amma sake kalma ba ya sake zuciya. Da yawa cikinmu mun fito daga gidajen da a ke tsoron iskoki, har yanzu kuwa akwai mai tsammani Ruhu Mai Tsarki wani babban iska ne, wanda ke kā da mutum, ya ɗauke masa hankali, ya yi magana da bakinsa ba da saninsa ba. Bulus bai koyar da haka ba. Cikin 1 Korantiyawa 14:32 ya nuna annabi yana da iko ya yi shiru ko ya yi magana, cikin Galatiyawa 5:23 kuma ya lasafta kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu. Iska ba ta baƙin ciki, amma Afisawa 4:30 ta gargaɗe mu kada mu ɓata wa Ruhun Allah zuciya.

Tambayoyi: Da wace kalma a ke kiran Ruhu Mai Tsarki cikin harshen garinku? Me tsofaffi su kan nufa da ita kafin bishara ta zo? In wani ya faɗi cikin sujada ya ce Ruhu ne ya kā da shi, ƙaƙa dattawan ikilisiya za su gwada abin bisa ga 1 Yohanna 4:1-3?