DARASI NA HUƊU: RAGUWAR ƘARFIN WUTA A LAYUKAN DA KE TARAYYA DA NUTURAL ƊAYA

Sau da yawa mai gida kan ga fitila ta dushe, fanka na juyawa da kyar, firji na gurnani, sai ya ɗora laifin duka a kan kamfanin rarraba wuta. Amma wani lokaci wutar tana isa mita da ƙarfinta, a cikin wayoyin gida ne take raguwa. Wannan darasi zai nuna yadda ake lissafa raguwar nan, musamman inda layuka uku suke amfani da wayar dawowa guda.

Dalilin Raguwa

A Nijeriya ƙarfin wutar gida bolt 230 ne tsakanin layi da nutural, da bolt 400 tsakanin layi da layi. Kowace waya tana da turjiya, wato tana ɗan tauye wutar da ke bi ta cikinta. Turjiya tana ƙaruwa da tsawon waya, tana raguwa da kaurinta. Ana auna ta da om, ana kuma auna yawan wutar da ke gudana da amfiya. Ƙa'idar ita ce: amfiya sau om, shi ne bolt ɗin da aka rasa a hanya.

Don sanin turjiyar wayar jan ƙarfe, a ninka tsawonta a mita da 0.018, a raba da kaurinta a murabba'in milimita. Waya mai kauri 2.5 da tsawon mita 50 tana da om 0.36. Ƙa'idojin haɗa wuta na Ingila, waɗanda masu aikinmu suka saba da su, sun ba da shawara kada raguwa ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, wato bolt 6.9, ko kashi 5 ga sauran kaya, wato bolt 11.5.

Misali Na Farko: Layi Ɗaya

Wani tela ya ja wuta da irin wannan waya, kayansa na cin amfiya 10. Wutar za ta je ta layi, ta dawo ta nutural, saboda haka tafiya biyu ce: 2 × 10 × 0.36 = bolt 7.2.

Misali Na Biyu: Layuka Uku Daidai

A ce shaguna uku ne, kowanne a kan layinsa, nutural ɗaya ce ta haɗa su, kowa na cin amfiya 10 da kaya irin su dutsen guga da fitila. Da yake wutar layukan nan uku ba ta tashi lokaci guda, abin da ke dawowa daga kowanne yana soke na sauran, har nutural ta zauna ba kaya. Raguwa ta zama 10 × 0.36 = bolt 3.6 kacal, rabin ta farko. Wannan ne amfanin tsarin.

Misali Na Uku: Nauyi Ya Karkata

Yanzu shago na farko ya ɗauki amfiya 20, sauran biyun amfiya 5 kowanne. Jimla tana nan amfiya 30. Biyar-biyar ɗin da ke kan layuka uku sun soke juna, saura amfiya 15 dole nutural ta ɗauka. Shago na farko zai rasa 20 × 0.36 = 7.2 a layi, da 15 × 0.36 = 5.4 a nutural, jimla bolt 12.6, wanda ya haura iyaka. Maƙwabtansa kuwa wutarsu za ta ɗan ƙaru. Ashe ba sai an sayi sabuwar waya ba. A raba kayan daidai, matsalar ta kau.

Abubuwan Lura

Na farko, idan layi biyu kaɗai aka ja daga cikin ukun, kowanne da amfiya 10, nutural za ta ɗauki amfiya 10. A gidajen Amurka masu bolt 120 da 240 ne layi biyu ke soke juna sarai, don haka kada a kwafo lissafin littattafansu ba tare da nazari ba.

Na biyu, idan wayoyi biyu sun fito daga layi guda suka yi tarayya da nutural, za ta ɗauki jimlar wutarsu, ta yi zafi, ba kuwa fis a kanta da zai yanke. Ta haka gobara ke tashi.

Na uku, in nutural ta tsinke, kayan shago biyu za su raba bolt 400 a tsakaninsu, ƙaramin kaya kamar rediyo ko talabijin shi zai sha kaso mafi yawa ya ƙone. A ɗaure mahaɗinta sosai, kada a sa mata fis, kuma a yi amfani da makatsin da zai yanke layukan duka lokaci guda.

Aikin wuta ba na gwaji ba ne. A nemi ma'aikacin da ke da shaidar hukumar NEMSA, a tambaye shi lissafinsa kafin a biya kuɗin waya.

Aikin Yi

Lissafa misali na uku da waya mai kauri 4. Shin raguwar ta dawo cikin iyaka?