Tsohon Albashinka Sirrinka Ne: Wasiƙa Ga Matasan Rabah, Wurno Da Goronyo



Ɗiyana maza da mata, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina da ta raba mutane da gonakinsu, amin.

Dalilin wannan wasiƙa wata tambaya ce da ɗan ƙanena ya zo mini da ita bayan la'asar, riƙe da takardar neman aiki. Ya gama karatu a Sakkwato, ya yi hidimar ƙasa, ya shekara biyu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a kan abin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Yanzu wata ƙungiyar agaji tana ɗaukar ma'aikata, kuma a takardar an bar gurbi, an ce ya rubuta albashinsa na baya, ya haɗo da shaidar biya. Ya ce, “Baffa, in faɗi gaskiya su raina ni, ko in ƙara su kama ni?” Na ba shi amsa a ranar. Da na ga ba shi kaɗai wannan tambaya ke ci wa tuwo a ƙwarya ba, sai na ga ya kamata in rubuto muku baki ɗaya.

Ku fara da abin da kuka tashi kuna gani. Ku shiga kasuwar Achida ko ta Goronyo ranar da take ci, ku tsaya wajen masu albasa. Mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai sallama. Kun taɓa jin mai saye ya ce sai an nuna masa nawa aka sayar da buhun bara kafin ya taya? Manomin da bashi ya matsa wa ya karyar da albasarsa da kaka, ragowar da ya adana a rudu ba a kan wancan farashin zai sayar da ita ba. Kuɗin ranar ake dubawa, da kyan kayan. Haka ɗan ƙwadagon da ke dashen shinkafa a fadamar Wurno, da shi da mai gona kan aikin yau suke yin jinga. To, ƙarfinku da iliminku su ne hajarku. Me zai sa ku sallama su a kan farashin ranar da kuka fi kowa matsuwa?

Masu yin wannan tambaya ba duka ne ke da mugun nufi ba. Wani yana son ya san ko aljihunsa zai iya ɗaukar ka. Wani a takarda ya gaji gurbin, bai taɓa tunanin amfaninsa ba. Amma da yawa so suke su san inda za su tsaya. A ce an ware wa kujerar naira dubu 150 a wata, kai kuma ka rubuta cewa dubu 30 kake ɗauka. Sai a yi maka tayin dubu 60, ka koma gida kana murna an ninka maka, alhali wanda kuke zaune ofis ɗaya, kuna aiki iri ɗaya, yana karɓar dubu 150. Asarar ba ta wata ɗaya ba ce. Ƙarin shekara a kan albashin ake lissafa shi. Kuɗin fansho ma haka, domin dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya zuba kashi 10, duk a kan lissafin abin da ake biyan ka. In ka tashi canza wuri a sake tambayar ka, ka sake faɗa, a sake ɗora kaɗan a kai. Ƙuncin shekara biyu sai ya bi mutum har furfura.

Kuma ku dubi yadda kuɗin kansa ya canza. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 18 ne a 2011, ya koma dubu 30 a 2019, ya koma dubu 70 a watan Yulin 2024. Alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi daga dubu 33 zuwa dubu 77 a 2025. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kun san abin da kuɗin mota daga Rabah zuwa Sakkwato ya zama, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Takardar albashin da aka rubuta kafin wannan lokaci, labarin wata naira take bayarwa, ba wadda ke hannunku yau ba.

Akwai wani abu kuma. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan ƙananan makarantu, da shagunan magani, da rumfunan POS inda yawancinku kuka fara, suna biyan abin da suka ga za su iya ne kawai. Tun harin Tabanni na watan Yulin 2018, da ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, matasa nawa ne a yankin nan suka karɓi duk aikin da ya samu don a ɗora tukunya a gida? Wannan albashi shaidar haƙurinku ne da rufin asirin da kuka yi wa iyayenku. Ba shi ne ma'aunin abin da kuka iya ba.

Na san abin da ke damun mai tsoron Allah a cikinku: shin yin shiru ba ɓoye gaskiya ba ne? Malamanmu na fiƙihu sun raba ciniki. Akwai murabaha, inda mai kaya ke faɗin uwar kuɗi a ɗora masa riba, kuma a nan wajibi ne ya faɗi gaskiyar yadda ya saya. Akwai kuma musawama, cinikin tayi da albarka, wanda ba a ɗora wa mai kaya bayyana uwar kuɗinsa ba. Abin da aka wajabta masa shi ne kada ya ɓoye aibin kayan. Ɗaukar aiki kuwa ijara ce, kuma sharaɗinta a san aikin, a san lokacin, a san ladan. Ladan da wani ya taɓa biyan ka ba ya cikin sharuɗɗan. Ku tuna ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Madyana cikin Suratul Ƙasas. Ƙarfinsa da amanarsa aka duba, aka yanka shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Abin da ya hau kanka ka bayyana shi ne abin da ya shafi aikin: takardunka na gaskiya, abin da ka iya da wanda ba ka iya ba, da dalilin barin wurin da ka baro in an tambaya.

Amma shiru daban, ƙarya daban. In ka buɗe baki ka faɗi adadi, ka shiga hukuncin mai murabaha, dole ya zama gaskiya. Kada wani aboki ya ja ka shagon kwamfuta a gyara maka takardar albashi. Wannan jabu ne, laifi ne a gaban hukuma, zunubi ne a gaban Allah. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ballantana a Sakkwato inda kowa ya san wani da ya san ka. Waya ɗaya za a buga wa tsohon wurin aikinka, ka rasa aikin, ka rasa sunan da za ka nemi wani da shi.

To me za ka ce in an tambaye ka? Mu an rene mu da kunya. Yaro ba ya ja-in-ja da babba a kan kuɗi, shi ya sa da an zo maganar albashi sai ka ji ɗanmu ya sunkuyar da kai ya ce, “Duk abin da kuka ba ni, na gode.” Wannan magana ta yi kyau a zauren mahaifinka, amma a teburin ɗaukar aiki ita ke yanka wuyan mai ita. Ladabi bai hana ciniki ba. Kana iya cewa, “Ranka ya daɗe, aikin da na baro daban ne da wannan, kuma abin da ke tsakanina da su amana ce. In babu damuwa, a faɗa mini abin da aka tanada wa wannan kujera.” In aka ce kai za ka fara yankawa, kada ka yanka da ka. Kafin ranar, ka tambayi masu irin aikin nawa ake biya, ka lissafa haya da kuɗin mota da abinci, da haɗarin hanya in aikin na shiga ƙauyuka ne. Sannan ka ce daga kaza zuwa kaza. In gurbi ne a takarda, rubuta cewa za a tattauna. Rashin tayi akan bar arha, rashin tambaya kuma akan bar haƙƙi.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya tana da tsada wani lokaci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta hana mai aiki yin tambayar ba, ba ta kuma tilasta maka amsawa ba. Wani zai ce in babu takardar babu aikin, ga masu nema sun yi layi a waje. Kai ka san halin gidanku, ba wanda zai zarge ka in ka ga ba za ka iya barin aikin ya wuce ba. In ta kai ga haka, ka roƙi su fara faɗin nasu tayin, a rubuce in da hali. Sannan ka faɗi naka cikakke, kada ka tsaya ga tsurar albashi: ɗakin da aka ba ka, abincin rana, alawus, kuɗin darasin yamma, duk ka lissafa. Ka kuma faɗa da bakinka cewa wancan farashin wancan aiki ne a wancan lokaci.

Akwai inda nuna takardar ba ya cutarwa. Ma'aikacin gwamnati da zai koma wata ma'aikata dole ya kai takardar shaidar albashin ƙarshe, kuma a can mataki ke yanke albashi, ba ciniki ba. Haka wanda tsohon albashinsa ya fi abin da aka taya masa, takardar hujjarsa ce, sai ya fito da ita a lokacin da ya zaɓa. Don haka ku adana takardunku, kada ku yar da ko ɗaya. Kuma duk inda aka ɗauke ku, ku nemi sharuɗɗan aiki a rubuce. Dokar ƙwadago ta ba mai aiki wata uku ne ya ba ma'aikaci wannan takarda.

Abin da nake gargaɗinku a kai da babbar murya shi ne bayanan asusun banki. Takardar albashi abu ɗaya take nunawa, amma ta banki tana tona komai: kuɗin adashi, abin da yayanka ya turo daga Legas, kuɗin albasar mahaifinka da suka bi ta asusunka, kuɗin jama'a in ka taɓa riƙe POS. A yankin da masu garkuwa da mutane ke da masu kai musu rahoto, takardar da ke nuna miliyoyi sun ratsa asusunka ba abin yawo da ita ba ce, ko da ba naka ba ne ko sisi. In yaron shago ka yi, littafin cinikin maigidanka sirrinsa ne, ba ka da ikon nuna wa wani don ka burge shi. Duk kuma wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka a waya da sunan ɗaukar aiki, ɓarawo ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce kada a karɓi bayanan mutum fiye da abin da buƙata ta kama, don haka kana da damar tambayar me za a yi da su, wa kuma zai gani.

Ku 'yan matanmu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, maganar nan ta fi shafar ku. Sau da yawa ku ake fara biya kaɗan, a ce ai akwai mai ciyar da ku. A ƙasashen da suka hana wannan tambaya, babban dalilinsu ke nan. Jihar Masacusets ta Amurka ta kafa dokar hanawa a 2016, birnin Niyok ya bi a 2017, ta Kalifoniya kuma ta fara aiki a 2018. Tarayyar Turai ta zartar da nata ƙudurin a 2023, ta ba ƙasashenta zuwa watan Yunin 2026 su mayar da shi doka. Sun lura cewa in ana gina sabon albashi a kan tsoho, wadda aka tauye sau ɗaya an tauye ta ke nan har ta bar aiki. Ke ma ki tambaya, ki yi ciniki cikin mutunci, kunya ba ta ce ki bar haƙƙinki ba.

Ku ɗiyan Rabah kuna da misali a gida. Ahmadu Bello ya fito daga Kwalejin Katsina a 1931 ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato. A 1934 aka ba shi hakimcin Rabah, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Inda mutum ya fara ba shi ke faɗin abin da zai iya ɗauka ba. Gobe wasunku za su buɗe makarantu da shaguna da kamfanoni, su zauna a ɗaya gefen teburin. In ranar ta zo, ku faɗi abin da za ku biya tun farko, kada ku bincike talaucin ɗan wani don ku saye shi da arha, kuma ku biya lada a kan lokaci.

Ɗiyana, ku riƙe abu uku: kada ku yi ƙarya, kada ku yi gaggawar faɗa, kada ku sallama kafin ku san kuɗin ranar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba ku halal mai albarka, Ya haɗa ku da iyayen gida masu adalci, Ya tsare ku a hanya.

Wassalam.

Baffanku,
daga Rabah.