Gani Ya Kori Ji: Matsayin Na'urori Wajen Koyar da Ilmin Halittu

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare yakan haddace cewa jikin kowane abu mai rai, tun daga tururuwa har zuwa bishiyar kuka, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. Yakan kwafi hoton ƙwayar daga allo, ya sa wa kowane sashe nata suna, har ma ya ci jarrabawa. Amma sau da yawa yakan kammala aji shida bai taɓa ɗora idonsa a kan ƙwayar ba ko da sau ɗaya. Irin wannan ilmi bai wuce na "an ce" ba, kuma ba ya daɗewa a ka bayan an fito daga ɗakin jarrabawa.

Wannan maƙala za ta duba rawar da na'urori ke takawa wajen cike wannan giɓi. Za a ɗauki madubin likita a matsayin babban misali, sannan a waiwayi abin da ya faru a wuraren da aka jarraba koyarwa da talabijin da kwamfuta, daga ƙarshe a kawo aikin gwaji da za a iya yi a kowace makaranta.

Iyakar Idon Ɗan Adam

Idon mutum mai lafiya ba ya iya bambance abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita. Masana kan auna abubuwan da suka fi haka ƙanƙanta da ma'aunin maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jini faɗinta kamar maikuromita 7 ne zuwa 8, yawancin bakteriya kuwa ba su wuce maikuromita 1 zuwa 5 ba. Ke nan babban ɓangare na abin da ake koyarwa a ilmin halittu yana ɓoye ne daga ido.

A shekarar 1665 wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia, inda ya zana abubuwan da ya gani da madubinsa. A ciki har da ɗan siririn yanki na ɓawon bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da shi, wanda ya ga yana cike da 'yan ɗakuna kamar saƙar zuma. Daga nan ne aka fara maganar ƙwayar halitta. Bayan 'yan shekaru sai wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ƙware wajen goge 'yan mitsi-mitsin gilasai masu ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya ga ƙananan halittu suna iyo a ruwan tafki, a 1676 kuma ya ba da labarin waɗanda a yau ake kira bakteriya. Wannan mutum bai yi karatun jami'a ba. Abin da yake da shi shi ne gilashi mai kyau, da haƙuri, da kuma ɗabi'ar rubuta duk abin da ya gani.

Madubin likita na zamani mai aiki da haske yana ƙara girman abu har kimanin sau 1,000. Abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yawancin ƙwayoyin bairus, sai an koma ga madubin lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931.

Abin da Gani Yake Haifarwa

Amfanin gani da ido bai tsaya ga cin jarrabawa ba. Tarihin cutar kurkunu ya isa shaida. Tun wajajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yan tsutsar suna zama ne a cikin wani ɗan ƙwaro na ruwa da ake kira ƙuman ruwa, wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Idan mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da ƙwaron, bayan kimanin shekara guda sai tsutsa ta ɓullo masa, galibi a ƙafa, tsawonta kan kai mita guda. Cutar ba ta da magani, ba ta kuma da allurar rigakafi. A binciken da aka yi a Nijeriya tsakanin 1988 da 1989 an ƙirga masu ɗauke da ita fiye da 650,000. An yi galaba a kanta ne ta hanyar wayar da kai, da tace ruwa da ƙyalle, da samar da rijiyoyin burtsatse, da hana masu ciwon shiga ruwan da ake sha. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

Ƙuman ruwa yana nan a tafkuna da kududdufai har gobe. Ɗalibin da aka ba shi gilashi ya ga ƙwaron yana tsalle a cikin ruwan da ya ɗebo da hannunsa, sannan ya tace ruwan da ƙyalle ya ga ƙwaron ya maƙale, ya fahimci dalilin tace ruwa fiye da wanda aka karanta wa shafi goma.

Haka abin yake game da tsargiya. A wasu wurare akan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro. Theodor Bilharz, likita ɗan Jamus, shi ne ya gano tsutsar da ke haddasa shi a birnin Alƙahira a 1851. Ƙwan tsutsar, mai tsawon kimanin maikuromita 150 da ɗan tsini a ƙarshensa, yana fitowa fili a madubin likita ko da mai ƙaramin ƙarfi ne. Malami na iya nuna shi daga fallen gilashin da aka riga aka shirya, ko ya gayyaci ma'aikacin lafiya. Bai dace a sa ɗalibai taɓa fitsari ko jini a cikin aji ba.

Darussa Daga Talabijin da Kwamfuta

Duk lokacin da sabuwar na'ura ta fito, akan samu masu cewa kwanan malami da littafi ya ƙare. A 1913 Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙira ɗan Amurka, ya yi hasashen cewa majigi zai kori littattafai daga makarantu nan ba da daɗewa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan, littafi yana nan daram.

A Jamhuriyar Nijar an fara gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa. Ana shirya darussan a Yamai cikin Faransanci, a watsa su zuwa wasu 'yan ajujuwa. Shirye-shiryen sun sha yabo, amma tsarin bai taɓa kai wa ga yawancin yaran ƙasar ba. Ƙasar Kodebuwa ta fara nata a 1971 a makarantu masu yawan gaske, sai dai a farkon shekarun 1980 ta dakatar da shi saboda tsada da kuma ƙorafin malamai da iyaye.

A 2005 aka ƙaddamar da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka mai araha, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Negroponte. An gwada shi a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ta raba dubban ɗaruruwan waɗannan kwamfutoci. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a kan makarantun karkara 319, ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. An raba na'ura, yadda ake koyarwa kuwa bai sauya ba. Rahoton Hukumar Ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 a kan fasaha a makarantu ya ja kunne a kan wannan, inda ya nuna cewa aikin na'ura shi ne ta tallafa wa hulɗar malami da ɗalibi, kada a bari ta maye gurbinta.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da tambayoyi uku da ya kamata makaranta ta amsa kafin ta kashe kuɗi a kan kowace na'ura:

1. Wane abu ne za ta nuna wa ɗalibi wanda allo da alli ba za su iya nunawa ba?
2. Shin malamin da zai yi aiki da ita ya samu horo, kuma ya san a wane darasi zai sa ta?
3. Idan ta lalace, ko wuta ta ɗauke, wa zai gyara, kuma da wane kuɗi?

Na'urorin da Ke Kusa da Hannu

A 2014 Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana wani madubin likita da ake naɗewa daga takarda mai kauri, mai suna Foldscope. Kuɗin kayan haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. Yana amfani da ɗan ƙwallon gilashi guda, kusan irin dabarar Leeuwenhoek, yana kuma ƙara girman abu sau 140.

Wayar hannu ma tana da nata amfanin. Inda madubin likita ɗaya ne ga ɗalibai sittin, malami na iya saita kyamarar waya a kan gilashin ido, ya ɗauki hoton abin da ake dubawa, ɗalibai su san abin da za su nema kafin layi ya zo kansu. Akwai kuma manhajojin kwaikwayon gwaji, irin su PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002. Kyauta ne, ana iya sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Sun fi dacewa da abin da ba zai yiwu a gani a cikin aji ba, kamar yadda siffofin zomaye ke sauyawa cikin zuriya bayan zuriya. Amma abin da za a iya tsinkowa a bayan aji, kamar ganye ko fara ko furen kuɓewa, gara a kawo shi ɗalibi ya taɓa.

Aikin Gwaji: Auna Ƙwayar Halittar Albasa

Kayan aiki: madubin likita, albasa, fallen gilashi da murfinsa, ruwa, aidin, rula ta roba wadda ake gani ta cikinta, fensir da takarda.

1. A yanka albasa, a ɓare 'yar siririyar fatar da ke cikin ɓangaren da ya lotsa.
2. A shimfiɗa fatar a kan fallen gilashi cikin ɗigon ruwa, kada ta naɗe.
3. A ɗiga aidin kaɗan, sannan a kwantar da murfin a hankali daga gefe guda domin kada iska ta shiga.
4. A fara dubawa da gilashi mafi ƙarancin ƙarfi. Za a ga ƙwayoyin a jere kamar tubalan gini, kowace da bangonta da kuma cibiyarta wadda aidin ya rina.
5. A lissafa ƙarfin madubin: ƙarfin gilashin ido sau ƙarfin gilashin ƙasa. Misali, 10 sau 10 ya ba da 100.
6. A cire fallen, a sa rula a gurbinsa, a auna faɗin da'irar hasken da ake gani.
7. A mayar da fallen ba tare da sauya gilashi ba, a ƙirga ƙwayoyi nawa ne suka jeru a tsaye daga wannan gefen da'irar zuwa wancan.

Misali, idan faɗin da'irar milimita 2 ne, aka kuma ƙirga ƙwayoyi 8, to tsawon ƙwaya ɗaya shi ne 2 a raba da 8, wato milimita 0.25, ko maikuromita 250. Idan ɗalibi ya zana ƙwayar da tsawon milimita 50, girman zanensa shi ne 50 a raba da 0.25, wato sau 200. Irin wannan lissafi ana buƙatarsa a jarrabawar aikin hannu ta kammala sakandare. Wajibi ne ɗalibi ya zana abin da ya gani, ko da bai yi kama da hoton littafi ba.

Inda babu madubin likita sam, ana iya ɗiga ruwa a kan farar leda, a ɗaga ta kaɗan sama da rubutun jarida. Haruffan za su ƙara girma, domin ɗigon ruwan yana lanƙwasa haske kamar yadda gilashin madubi yake yi.

Kula da Kayan Aiki

Ƙurar hunturu tana karce gilashi, laimar damina kuma tana sa funfuna ta tsiro a kansa. Saboda haka a riƙa rufe madubi a akwatinsa a busasshen wuri, a kuma goge gilashin da takardarsa ta musamman, ban da gefen riga. Madubin da ke karɓar haske daga taga ba ya buƙatar lantarki, amma kada a taɓa juya shi ya fuskanci rana kai tsaye, domin hakan na iya lalata ido. Babbar asara ita ce a kulle na'ura a ofishin shugaban makaranta don tsoron kada ta lalace, har ta tsufa ba wanda ya leƙa cikinta.

Kammalawa

Na'ura tana amfani a aji idan ta kawo ɗalibi kusa da abin da ake nazari, kuma akwai malamin da zai ce masa ya duba, ya auna, ya rubuta, ya kuma faɗi dalili. Madubi guda a hannun malamin da ya san aikinsa ya fi ɗaki cike da kwamfutocin da ba a shirya wa darasi ba. Ya rage ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tabbatar cewa babu ɗalibin da zai bar sakandare bai ga ƙwayar halitta da idonsa ba.

Tambayoyi

1. Maikuromita nawa ne a cikin milimita 3?
2. Idan gilashin ido yana da ƙarfin 10, na ƙasa kuma 40, sau nawa madubin zai ƙara girman abu?
3. Bayyana yadda tace ruwa da ƙyalle yake katse yaɗuwar kurkunu.
4. Kawo dalilai biyu da suka sa raba kwamfutoci kaɗai bai isa ya inganta karatu ba.