Kirista da Finafinan Zubar da Jini: Ma'auni Biyu

Duk shekara idan Mako Mai Tsarki ya gabato, gidaje da majami'u da dama sukan nuna fim ɗin nan The Passion of the Christ, wanda Mel Gibson ya fitar a shekarar 2004. Waɗansu sukan tashi da hawaye, su ce sun ga zurfin ƙaunar Allah. Waɗansu kuwa su ce jinin ya yi yawa har ya rufe saƙon. Dukansu masu bi ne. To, da me Kirista zai auna irin wannan fim? Akwai ma'auni biyu, tarihi da bangaskiya, kuma ɗaya ba ya isa sai da ɗan'uwansa.

Mu fara da tarihi. Babu shakka gicciyewa muguwar mutuwa ce, wadda Romawa suka tanadar wa bayi da 'yan tawaye. A shekarar 1968 masu binciken kayan tarihi sun tono ƙashin diddigen wani mutum a wani kabari a Urushalima, da ƙusa a kafe cikinsa. Saboda haka wanda ya nuna azabar Ubangijinmu da tsanani bai yi ƙarya ba.

Amma ba duk abin da ke cikin fim ɗin ne ya fito daga Bishara ba. Markus 15:15 da Yohanna 19:1 sun ambaci bulalar da aka yi wa Yesu cikin 'yan kalmomi kaɗan, fim ɗin kuwa ya daɗe a kanta ƙwarai. Inda matar Bilatus ta kawo wa Uwargida Maryamu ƙyallaye don share jinin, wannan daga wahayin Anne Catherine Emmerich ne, wata sista Bajamushiya da ta rasu a 1824, wanda marubuci Clemens Brentano ya rubuta. Sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka a 2004, rayuwarta aka duba, ba waɗannan rubuce-rubucen ba. Haka kuma Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, fim ɗin ya nuna shi mutum mai taushin zuciya da aka matsa wa lamba. Amma Filo da Yosefus, marubutan Yahudawa na ƙarni na farko, sun ba da labarin tsananinsa, Luka 13:1 kuma ta tuna da Galilawan da ya kashe suna cikin miƙa hadaya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan an rage laifin gwamna, sai nauyin ya koma kan taron jama'a, mai kallo ya tashi da fushi a kan wata al'umma. Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin sanarwar Nostra Aetate ta 1965, ta koyar cewa ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Katekizim kuma ya tuna mana cewa mu masu zunubi ne sanadin azabarsa. Mu da muka san abin da ƙiyayya da sunan addini take haifarwa, bai kamata mu ɗauki wannan gargaɗi da wasa ba.

Ma'auni na biyu shi ne bangaskiya. Ikkilisiya ba ta ƙin fim don kawai akwai jini a cikinsa, gama gicciye yana tsaye a bisa kowane bagade namu. A 1995, lokacin cikar sinima shekara 100, Fadar Vatikan ta fitar da sunayen finafinai 45 masu muhimmanci, har da Schindler's List, wanda ya nuna kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin tambaya shi ne, ina fim ɗin yake kai zuciya? Akwai wanda yake nuna wahala domin a ji tausayi, a tuba. Akwai kuma wanda yake mai da mutuwar ɗan Adam abin nishaɗi, ko ya koya mana cewa ramuwar gayya ita ce jarumtaka. Ba yawan jinin ne ya cece mu ba, sai dai Wanda ya zubar da shi, da ƙaunar da ta sa ya roƙa wa masu kisansa gafara. Manzo Bulus kuma ya ce in da Kristi bai tashi ba, da bangaskiyarmu banza ce.

Don haka, kafin a nuna wannan fim, a fara karanta labarin shan azabar daga Bishara. Kada a zaunar da ƙananan yara a gabansa. Hanyar Gicciye ta ishe su. Bayan an gama, katekis ko shugaban zumunta ya bayyana abin da yake na Nassi da abin da mai fim ya ƙara. Kowa kuma ya tambayi kansa: na tashi da baƙin cikin zunubina ne, ko da fushi a kan wani? Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba, ya kai mu ga farin cikin Ista. Amin.