Kafin Ku Taya Dardumar Farisa

'Ya'yana, da yawanku yanzu kun zama 'yan Dubai da Jidda, wasu fatauci ke kai ku, wasu Umara. Duk wanda ya leƙa shagon darduma a garuruwan nan zai ji an ce masa, "Ta Iran ce, aikin hannu." Za a ba ku kujera, a kawo shayi, yaran shago su yi ta warware darduma har ku rasa wadda za ku kalla. Ku sha shayin, ba bashi ba ne. Amma kafin ku buɗe baki ku taya, ku ce a kifa muku ita ku ga bayanta.

Dardumar hannu ƙulli-ƙulli ake yin ta. Masaƙi, ko masaƙiya, don a ƙauyukan Iran mata ne suka fi yin aikin, zai ɗaura zaren tsaye, ya ƙulla ulu a kan zare biyu, ya yanke da wuƙa, ya sake ƙulla wani. Layi ya cika, ya ratsa zaren kwance ya daddale shi da matsefin ƙarfe. Shi ya sa zanen ke fitowa a baya tar kamar a gaba, kuma in kun sa ido za ku ga wani layin ya ɗan karkace, wani ƙullin ya fi ɗan'uwansa kauri. Ta inji kuwa komai cif-cif yake. Ku duba gezar bakinta: a ta hannu, gezar ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka yi saƙar a kai, a ta inji sau da yawa ɗinka ta aka yi daga baya. Akwai kuma wadda ake cusa wa zare da wata 'yar na'ura, a shafe bayan da gam, a liƙa yadi a rufe. Ita ma "aikin hannu" suke ce mata. In kun ga an rufe bayan darduma da yadi, ku wuce.

Kada tambarin ƙasa ya ruɗe ku. Yankin Kashan, wanda UNESCO ta sa fasahar saƙarsa cikin gadon al'adun duniya a 2010 tare da ta Fars, shi ne kuma cibiyar masana'antun kafet na inji a Iran. A ɗaya gefen, ana saƙa zanen Farisa da hannu a Pakistan da Indiya da Sin. Wasunsu nagari ne, ba na kushe su, sai dai kuɗinsu daban.

In kun tabbatar ta hannu ce, abu na gaba shi ne ulu, kuma a ganina ya fi komai. Gashin da aka aske daga tunkiya mai rai yana da maiƙonsa, yana da sheƙi, in ka danna shi ya dawo. Mafi laushinsa shi suke kira kurk. Akwai kuma wanda ake tsigewa daga fatar yankakkiyar dabba a majema, bayan an jiƙa ta da magani. Wannan busasshe ne, mai karyewa. Ku murza tafin hannu da ƙarfi a wuri guda. In gashi ya taru a hannunku, ga kaushi, ga rashin haske, to dardumar ba za ta yi ƙarko ba komai kyan zanenta.

Sai rini. Masu aikin gargajiya da baba suke yin shuɗi, da saiwar wani tsiro da suke kira ronas suke yin ja, ɓawon rumman kuma na cikin abin da ke ba su rawaya. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san tsomi biyu ba sa fitowa daidai wa daida. Haka nan za ku ga filin darduma ja ne, amma wani sashe ya ɗan fi wani duhu, a kwance, layi-layi. Abrash ake kiransa, kuma masana ba sa ɗaukarsa aibi, musamman a aikin makiyaya. Ba kuma duk rinin zamani ne mugu ba, akwai mai kamawa da kyau. Mugun shi ne mai zuba. Ku jiƙa farin hankici ku goga a kan jan. In ya ɗauko launi, wankin farko zai dama jan da farin. Mai shagon da ya hana ku wannan gwaji ya riga ya ba ku amsa.

Yanzu ga inda ake cin samari: lissafin ƙulli. A Tabriz da raj ake auno, wato yawan ƙullin da ke cikin santimita 7. A Nain kuwa za ku ji ana cewa la 9, la 6, la 4, kuma a nan ƙaramar lamba ce ta fi. Dillali zai yi ta jefo muku lambobi don ya ga kuna gyaɗa kai. Ku ɗora ma'auni a baya ku ƙirga da kanku. Ku kuma sani akwai algus a ƙullin ma: wanda ake kira jufti, a kama zare huɗu maimakon biyu, aiki ya yi sauri, darduma ta yi sako-sako. Yawan ƙulli yana da amfani wajen gwada ta Tabriz da 'yar'uwarta ta Tabriz. Amma gabbe ta makiyayan Ƙashƙai, mai kauri da manyan ƙulli, in ulunta da rininta nagari ne, ta fi mini mai ƙananan ƙulli da aka yi da gashin majema.

Lissafin nan zai yi muku rana ta wata hanya. Darduma mai raj 50, mita 2 da mita 3, tana ɗauke da ƙulli wajen miliyan 3. Ko da a ce mutum yana ƙulla 10,000 kullum, kun ga aikin kusan shekara ke nan. In an sallama muku irinta a kuɗin kafet na inji, ku tuna araha ba ta ado. In kuma ta gaske ce, ku taya da mutunci, idon wani ne da yatsunsa.

Siliki, wanda birnin Ƙum ya yi suna da shi, shi aka fi yi wa jabu. Ku roƙi silin zare ɗaya a ƙona. Na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya dunƙule, a murje shi ya zama gari. Jabun ƙaurin takarda yake yi.

In tsohuwa ce, ku fitar da ita rana. Ku zagaya ta, don ta wani gefen ta fi duhu, ta wani ta fi haske. Ku nemi cin asu, da faci, da wurin da ya suɗe aka shafe da fenti. Ku ɗan lanƙwasa ta a hankali, in kun ji ƙas-ƙas, zaren ciki ya ruɓe.

Za a ba ku labarin dardumar Ardabil ta shekarar 946 Hijira, zamanin Shah Tahmasp, da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da wata ta Kirman da aka yi gwanjonta a New York a 2013 kan dala miliyan 33.7. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan kayan sarakuna ne na ɗaruruwan shekaru. Sabuwar da ke shago, ranar da kuka tashi sayarwa, da wuya ta mayar da kuɗinta nan kusa. Ku saya don ku shimfiɗa, ku ji daɗinta, jikoki su gada. In kun kawo ta gida, ku nisanta ta da danshin damina da gara, ku riƙa ɗaga ta tana shan iska.

Abin da zan roƙe ku, ku tafi da wanda ya san kan abin, wanda ba shi da la'ada a cinikin. Ku sa a rubuta muku a rasit garin da aka saƙa ta, da irin zarenta, da cewa ƙullin hannu ce. In mai shago ya ƙi rubutawa, ku yi masa godiyar shayi ku fito. Allah ya yi muku albarka.