Daga Gidan Akila zuwa Wusasa: Darasi a kan Ginin Ɗakunan Sujada

Karatu: 1 Sarakuna 6, Ayyukan Manzanni 7:44-50, Romawa 16:3-5

Duk lokacin da wata ikkilisiya ta tara kuɗin gini a Nguru, ko Gashuwa, ko ƙauyukan bakin fadama irin su Dagona, abin da dattawa kan fara lissafawa shi ne buhunan siminti da bandir na kwano. Ba safai ake tsayawa a tambayi wace siffa ɗakin zai ɗauka ba, balle dalilinta. Amma tambayar tana da nauyi a Jihar Yobe, musamman tun daga ranar 4 ga Nuwamba 2011, sa'ad da aka ƙone majami'u da dama a Damaturu, har da cocin Katolika na St. Mary, masu bi suka koma tattara tubali daga tushe. Wanda zai sake gini, ya kamata ya san abin da magabata suka gina.

Ikkilisiyar farko ba ta da gini nata na kanta. A gidan Bilkisu da Akila ake taruwa, kamar yadda Bulus ya ambata a wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Ɗaya daga cikin ɗakunan sujada mafi tsufa da aka tono yana Dura-Europos a ƙasar Siriya, na wajen shekara ta 240. Gidan zama ne kawai: aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu domin jama'a su sami wuri, aka keɓe wani ƙaramin ɗaki don baftisma, aka zana Makiyayi Mai Kyau a bangonsa.

Al'amura sun sauya a shekara ta 313, lokacin da Sarki Konstantin ya ba Kirista 'yancin yin sujada a fili. Abin lura shi ne, ba su kwaikwayi haikalin gumaka ba, domin wancan ɗakin gunki ne, jama'a a waje suke tsayawa. Sai suka ɗauki siffar zauren shari'a da taro na Romawa, wanda ake kira basilika: doguwar farfajiya rufaffiya, da jerin ginshiƙai dama da hagu, tsakiyarta ta fi gefenta tsawo, a can sama kuma an jera tagogi masu shigo da haske. A ƙarshen zauren akwai lungu mai siffar rabin ƙwarya, inda alƙali kan zauna. Nan aka ajiye kujerar bishop, aka sa bagade a gabanta. Daga sunan wannan kujera ne aka samo kalmar katidiral. Cocin Lateran da ke Roma, wanda aka keɓe a shekara ta 324, a kan wannan tsari aka gina shi, kuma har yau shi ne mazaunin kujerar Paparoma, ba cocin Bitrus ba kamar yadda mutane da yawa suke zato.

Shi kuwa cocin Bitrus na yanzu, an aza harsashinsa a 1506, ba a keɓe shi ba sai 1626, wato shekara 120 ana aiki. Kyansa ba ya ɓoyuwa, amma tarihinsa yana da ɗaci. Hanyar da aka bi wajen tara wani kashi na kuɗin, ta sayar da takardun sassauta horon zunubi, tana cikin abubuwan da Martin Luther ya yi wa tawaye a 1517. Kwamitin gini da ke matsa wa gwauruwa lamba a ranar gidauniya, ya dace ya san wannan labari.

Zuwan Katolika wannan yanki ya girmi yadda ake tsammani. A 1710 Fada Carlo da Genova, wanda Roma ta naɗa shugaban aikin bishara na Borno, ya taso daga Tarabulus tare da abokin aikinsa Fada Severino. Suka ratsa Agadas, suka rasu a Katsina a 1711, ba su taka Borno ba, ba su kuma aza ko tubali ɗaya ba. Sai a watan Fabrairu 1907 ne limaman ƙungiyar SMA, da Fada Oswald Waller a cikinsu, suka kafa tasha a Shendam. A can Arewa mai nisa kuwa, layin dogo ne ya yi jagora. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930 domin ɗaukar gyaɗa da fatu, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka biyo shi da bangaskiyarsu. An yanke yankin Maiduguri a 1953 a hannun limaman Agustin daga Ailan, ya zama cikakken dayosis a 1966, kuma Yobe tana ƙarƙashinsa.

Galibin majami'un da aka gina a wannan zamani dogayen ɗakuna ne na bulo da kwano, basilika ce dai da aka rage mata ginshiƙai da tagogin sama. Nan ne aka yi asara, gama abin da aka cire shi ne abin da ƙasar zafi ta fi bukata. Iska mai zafi sama take hawa. In ta tarar da taga ta fita, in ta tarar da kwano ta dawo kan masu sujada. Duk wanda ya zauna sujadar rana a Gashuwa cikin watan Afrilu ya san haka.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Cocin St. Bartholomew na Wusasa kusa da Zariya, na Angilika ne ba na Katolika ba, an gina shi a 1929 da ƙasa, bisa fasahar maginan Hausa: bango mai kauri, da bakan gizo mai ɗauke da rufi, irin aikin da Babban Gwani Mika'ilu ya shahara da shi a masallacin Juma'a na Zariya. Bangon ƙasa kan riƙe sanyin dare ya kai shi har azahar. A Namugongo ta ƙasar Yuganda kuma, inda aka ƙone Charles Lwanga da 'yan'uwansa a ranar 3 ga Yuni 1886, Katolika sun kammala coci a 1975 mai siffar bukkar gargajiya, a kan ginshiƙai 22 na tagulla, adadin shahidansu. Yaron da ya ƙirga ginshiƙan ya riga ya fara koyon tarihin ikkilisiyarsa.

Ba a cewa ginin ƙasa ba shi da wahala. Yana son yaɓe kafin kowace damina, indararo ɗaya in ya toshe yana iya zubar da soro, gara na cin azara, a bakin fadamun Hadejia da Nguru kuwa ambaliya takan jiƙa tushe. Maginan da suka iya ɗaurin guga ma sun yi ƙaranci. Amma ko da bulo za a yi, ba abin da zai hana a ɗaga bango, a buɗe tagogi ƙarƙashin rufi, a sa silin, a juya dogon gefen ɗakin ga barin rana ta yamma, a dasa dalbejiya kafin a haƙa tushe. In kuma akwai tsohon ɗakin ƙasa da iyaye suka fara sujada a ciki, gara a gina sabon a gefensa, a bar tsohon ga makarantar Lahadi, a rubuta shekarar gininsa da sunayen maginansa a littafin ikkilisiya tun dattawan da suka kwaɓa ƙasarsa suna da rai.